Fiyano ko makaɗa: wa ke cin kuɗin kiɗan fim?

A watan Disamba na 2024, ƙungiyar CISAC, wadda ta haɗa hukumomin kare haƙƙin mawaƙa da marubuta na ƙasashen duniya, ta fitar da wani bincike da ya tayar da hankalin masu kiɗa: nan da 2028, kashi 24 cikin 100 na kuɗin da suke samu na iya salwanta saboda ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ke haɗa kiɗa da kansu idan aka rubuta musu abin da ake so. Watanni kaɗan kafin nan, a Fabrairu, ƙungiyar makaɗan Amurka ta AFM ta cimma yarjejeniya da manyan kamfanonin fim na Hollywood, inda a karon farko makaɗa suka samu kaso daga finafinan da ake yi don kallo ta intanet, tare da wasu sharuɗɗan kariya daga waɗannan manhajoji.

Labaran nan biyu sun farfaɗo da tsohuwar gardama tsakanin masu son kiɗan fim: wanne ya fi, kiɗan okestira, inda makaɗa saba'in ko tamanin ke zama da gogensu da ƙahoninsu a gaban jagora guda, ko kiɗan na'ura, wanda mutum ɗaya ke haɗawa a ɗakinsa? A jaridun Turai ana yin ta kamar gardamar ɗanɗano, wani ya ce wannan ya fi ratsa zuciya, wani ya ce wancan ya fi zamani. Amma duk wanda ya bi tarihinta zai ga tun farko maganar albashi ce. Mu kuma a Nijar, da ba mu taɓa samun okestirar fim ba balle mu yi kukan rasa ta, maganar ta shafe mu ta wata ƙofa dabam.

Shekaru huɗu da suka canja kunnen Hollywood

A 1956 aka fitar da fim ɗin Forbidden Planet, wanda mata da miji, Bebe da Louis Barron, suka yi masa kiɗa baki ɗaya da na'urorin lantarki da suka harhaɗa da hannunsu. Su biyun ba ƴan ƙungiyar makaɗa ba ne, don haka a rubutun farkon fim ba a yarda a kira aikinsu kiɗa ba, sai aka nemo masa wani suna da ke nufin sautukan lantarki. Tun ranar aka gane cewa abin da ke ƙasa shi ne: idan wannan kiɗa ne, makaɗan situdiyo fa, me za su ci?

Masu karatunmu da dama sun san fim ɗin Ar-Risala na Moustapha Akkad, na 1976, wanda har yanzu wasu tashoshi ke maimaitawa da azumi. Bafaranshe Maurice Jarre ne ya rubuta kiɗansa, kuma cikakkiyar okestira ce ta kaɗa shi. A bikin Oscar na 1978 kiɗan Ar-Risala na cikin biyar da aka tsayar takara, amma John Williams ya lashe da Star Wars, wanda okestirar birnin Landan ta kaɗa. A daren nan an zaci okestira ta dawo da ƙarfinta har abada. Shekara guda kacal bayan haka, a 1979, sai kyautar ta tafi hannun Giorgio Moroder saboda Midnight Express, kiɗan na'ura. A 1982 Vangelis, ɗan Girka, ya karɓe ta da Chariots of Fire, kuma cikin waɗanda ya kayar har da Williams ɗin. Shi kansa Jarre bai tsaya taurin kai ba: a 1985 ya yi wa fim ɗin Witness kiɗa da na'urori, fim ɗin da, abin dariya, labarinsa na mutanen Amish ne, waɗanda ba sa yarda a jawo musu wutar lantarki cikin gida.

Akwai kuma waɗanda talauci ya kai su. John Carpenter ya yi Halloween a 1978 da kuɗin da bai wuce kimanin dala dubu 300 ba. Ba shi da abin biyan okestira, sai ya zauna ya haɗa kiɗan da kansa cikin ƴan kwanaki. Yau ana koyar da wannan kiɗa a makarantun sinima. Duk wani mai shirya fim a Maraɗi ko Kano zai gane halin da Carpenter ya shiga ba sai an yi masa bayani ba.

A yau iyakar ta kusa gogewa. Kusan duk mai rubuta kiɗan fim yana fara haɗa shi a kwamfuta ne, da sautukan goge da ƙaho na gaske waɗanda aka naɗa ɗaya bayan ɗaya aka adana, ana sayar da su kamar kayan shago. Darakta ya saurara, ya amince, sannan idan akwai kuɗi a kira makaɗa su maimaita. Idan kuɗin bai kai na Los Angeles ko Landan ba, a tura aikin Prag ko Budapest inda makaɗa suka fi araha. Idan babu ko wannan, abin da kwamfuta ta fitar shi ne zai shiga fim, kuma mafi yawan ƴan kallo ba za su lura ba. Hans Zimmer, wanda ya fara sana'a a matsayin mai sarrafa na'ura, ya ci Oscar da The Lion King a 1995, ya sake ci da Dune a 2022, kuma a ayyukansa ba kasafai kunne ke iya rabe inda mutum ya tsaya na'ura ta ɗauka ba.

Daga Bombay zuwa Kano, daga Kano zuwa Maraɗi

Mu ba ta Hollywood abin ya iso mana ba, ta Indiya ya biyo. Finafinan Indiya da iyayenmu suka kalla a gidajen sinima na Kano da Damagaram da Yamai, kiɗansu na manyan okestira ne, makaɗa gommai a ɗaki ɗaya, da yawansu ƴan yankin Goa da suka koyi karatun kiɗa a coci. A shekarun 1980 na'ura ta fara kutsawa, wanda ya tuna Disco Dancer na 1982 da kiɗan Bappi Lahiri ya san sautin. Da A. R. Rahman ya fito da Roja a 1992, yana haɗa kiɗa a ƙaramin situdiyonsa yana naɗar makaɗa ɗai-ɗai, sai tsarin ya juya gaba ɗaya. Cikin ƴan shekaru manyan ɗakunan naɗar kiɗa na Bombay suka yi ta rufewa, tsofaffin masu goge suka zauna gida.

Daidai lokacin ne finafinan bidiyo na Hausa suka tashi. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990. Zuwa tsakiyar shekarun, situdiyoyi irin su Iyan-Tama sun fara aiki da ƙananan na'urorin Yamaha, waɗanda kowa ke kira fiyano, kuma da Sangaya ya fito a ƙarshen shekarun 1990 ya yi kasuwar da ya yi, sai kiɗan fiyano ya zama shi ne kiɗan fim. Nan gida muka raɗa wa finafinan suna dandalin soyayya, kaset-kaset suka riƙa ƙetarowa ta Jibiya da Magarya, matasanmu suka buɗe nasu situdiyoyin a kan tsari ɗaya: ɗaki guda, fiyano guda, kwamfuta, makirfo, da yaro mai kunne.

A yi wa fiyano adalci. Ba don ita ba, da wuya masana'antar ta tsaya da ƙafarta. Mai fim da ke ɗaukar shiri cikin mako guda da kuɗin aro ba zai iya tara makaɗa goma, ya ciyar da su, ya naɗe su a ɗakin da ƙarar janareta ke shiga ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma ana yi wa makaɗi kallon maroƙi. Ɗan malam ko ɗan ɗan kasuwa da zai ji kunyar rataya kalangu bai ga aibu ba ya zauna gaban fiyano, don ita tana kama da aikin ofis. Ta haka dubban matasan da gado bai ba su kiɗa ba suka shigo, wasunsu kuma gwanaye ne na gaske.

Amma akwai abin da aka biya a madadin wannan sauƙi, kuma ba waɗanda suka ci ribar ne suka biya ba.

Abin da maɓalli ba ya iya faɗa

Hausa harshe ne mai karin sauti, murya na hawa tana sauka, kuma ma'ana na canjawa da hawan da saukar. Kalangu an gina shi ne a kan haka. Makaɗi na matse igiyoyin a hammata, fatar ta ɗaure ko ta saki, sautin ya bi karin maganar har wanda ya saba ya ji kalmomin. Goge ma haka, yana zamewa tsakanin sauti da sauti yadda muryar mai waƙa ke yi. Fiyano kuwa an raba mata sauti gida goma sha biyu daidai wa daida, bisa tsarin Turai. Tana da ɗan abin lanƙwasa sauti a gefe, gwani na iya yin dabara da shi, amma abin da yake fitarwa kwaikwayo ne. Kalangun da ke cikin na'ura yana bugawa, ba ya magana.

Asarar ta fi haka girma idan aka zo kan fim. Abin da ya sa ake jinjina wa John Williams shi ne yakan ba kowane jarumi ɗan kiɗansa, da ka ji ka san wane ne ke tafe ko da bai bayyana ba. To, Bahaushe ya daɗe da wannan, sunansa take. Sarki na da takensa, ɗan dambe na da nasa, ɗan kokawa na da nasa. Kayan kiɗan ma kowanne na da gidansa: tambari da kakaki da algaita na fada, kalangu na mahauta da ƴan dambe, dundufa ta maƙera, gangar noma ta gona, garaya da goge na ƴan bori. Daraktan da ya san wannan zai iya gaya wa ɗan kallo asalin mutum, da sana'arsa, da abin da ke shirin faruwa da shi, da bugu uku, ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Wannan cikakken harshen sinima ne da muka gada kyauta, kuma mafi yawan finafinanmu sun ajiye shi gefe.

Me ya maye gurbinsa? Ku saurari kiɗan da ke ƙarƙashin magana a yawancin shirye-shirye masu dogon zango da ake sakawa a YouTube. Idan za a yi kuka, sautin goge-gogen Turawa na cikin na'ura, iri ɗaya a fim ɗari. Idan mugu ya shigo, wani gurnani da aka kwafo daga fim ɗin Indiya ko na Turkiyya, wani lokaci ma a yanko shi kai tsaye ba izini. Waƙoƙin nanaye ana kashe musu kuɗi da lokaci, don su ke sayar da fim. Kiɗan da ke ɗauke da labarin kuwa, sau da yawa mai tace hoto ne ke liƙa shi a daren ƙarshe. A ganina nan ne ainihin raunin yake, kuma ba laifin na'ura ba ne, laifin wanda bai ware wa kiɗa ko dala a kasafinsa ba ne.

Sinimar Nijar ba haka ta fara ba. A 1971 Jean Rouch ya ɗauki Tourou et Bitti a Simiri, cikin Zarmaganda, fim ɗin da sunansa ma na ganguna biyu ne, kuma makaɗan su ne ƙashin bayansa. Shekara guda bayan nan Oumarou Ganda ya ɗauko wa ƙasar nan kyautar Étalon de Yennenga ta farko a FESPACO da Le Wazzou polygame. Mutanen wancan zamani ba su da kuɗi fiye da na yau.

Darasin Mamman Sani

Wanda zai ɗauka cewa maganin shi ne a jefar da na'ura a koma gargajiya zalla, to ya saurari Mamman Sani. A 1978 ya naɗi kiɗansa da wata ogan ta lantarki ƙirar Italiya, kuma shekara da shekaru ƴan Nijar na jin sautinsa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, da yawa ba su ma san sunan mai shi ba. Bai nemi ogan ɗinsa ta zama gurumi ko sarewa ba. Ya ɗauko karin waƙoƙin ƙasar nan ya bar na'urar ta faɗe su da muryarta. Da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da aikin a 2013, sai ga shi ana gayyatarsa Turai yana wasa. Haka Hama, mai fiyano a Yamai, ya bi wannan hanya da waƙoƙin Abzinawa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, cikin salon situdiyoyin finafinan Hausa, da na'urar gyaran murya da gangar kwamfuta, kuma ta katin waya ya yaɗu kafin duniya ta san shi, har ya fito a fim ɗin da aka ɗauka a Agadas aka saki a 2015.

Abin da ya haɗa su da Vangelis da Carpenter shi ne sun ɗauki na'ura a matsayin kayan kiɗa mai nata hali. Kiɗan na'ura yana lalacewa ne idan aka sa ta yin ƙaryar zama abin da ba ita ba, don a guje wa biyan mai abin.

Akwai misalin da ya kamata ya ɗan ƙona mana rai. Da aka ba Ludwig Göransson, ɗan Suwidin, aikin kiɗan Black Panther, sai ya tafi Senegal, ya bi Baaba Maal yawon wasa, ya naɗi masu tama, wadda ƴar uwar kalangu ce, da mai sarewar Fulani. Ya koma ya haɗa su da okestira a Landan da kuma bugun na'ura irin na hip-hop. Tama ce ke sanar da shigowar sarkin a fim ɗin, wato take ke nan. Ya ci Oscar a 2019. Kamfanin da ke da kuɗin hayar kowace okestira a duniya ya ga ya dace ya aika mutum Afirka ta Yamma neman makaɗi mai rai, mu kuma da makaɗin ke bayan gidanmu muna latsa maɓalli.

Yanzu layi ya zo kan mai fiyano

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne wanda ya ture makaɗin gargajiya jiya, shi ake shirin turewa yau. Manhajoji irin su Suno da Udio na fitar da cikakken kiɗa, har da murya, cikin ƙasa da minti guda. A watan Yunin 2024 manyan kamfanonin faifai, Universal da Sony da Warner, suka maka su kotu a Amurka bisa zargin sun horar da manhajojinsu da waƙoƙin mutane ba izini. A ƙarshen 2025 wasu daga cikinsu suka sasanta, suka koma abokan ciniki. Manya sun daidaita tsakaninsu ke nan. A teburin babu wakilin yaron situdiyo na Maraɗi, babu na mai gurumin Tawa. Hukumar Oscar ma a Afrilun 2025 ta ce amfani da irin waɗannan manhajoji ba zai ƙara wa fim daraja ba, ba kuma zai rage masa ba.

Kuma kiɗan da manhaja ta fi iya kwaikwaya shi ne daidai irin wanda na ambata a sama, na kuka da na tsoro da na soyayya marar suna, don irinsa ne ya cika intanet. Mai shirya fim da ya saba biyan yaro ƴan jakkuna ya liƙa masa irin wannan, gobe zai samu a wayarsa kusan kyauta. Abin da manhajar ba ta ƙware a kai ba tukuna shi ne abin da ba a naɗa da yawa ba: taken wani ɗan kokawa, karin gogen Adar, algaitar fadar Damagaram. Ma'ana, mai fiyanon da ke son sana'arsa ta ɗore, babbar kariyarsa ita ce tsohon makaɗin da ya ɗauka ya wuce zamani. Idan ya iya kawo mai kalangu ɗaya da mai goge ɗaya situdiyo, ya gina sauran a na'ura, yana da hajar da waya ba ta sayarwa. Makaɗa biyu na yini guda ba okestirar Landan ba ce, kasafin fim mai matsakaicin ƙarfi zai iya ɗauka.

Sai dai a nan ma akwai tarko. Duk sautin da aka naɗa sau ɗaya ana iya yanka shi, a adana, a yi ta amfani da shi a fim hamsin, ko a ciyar da manhaja da shi. Makaɗin da aka sallama da kuɗin goro ranar naɗi ya sayar da aikinsa na shekaru bai sani ba. Abin da makaɗan Amurka suka yi ta ja-in-ja a kai ke nan har suka samu yarjejeniyar 2024, kuma su suna da ƙungiya da lauyoyi.

Ƙasar nan ba ta rasa hukumomin da abin ya rataya a kansu ba. Akwai BNDA mai kula da haƙƙin mallaka, akwai cibiyar sinima ta ƙasa CNCN, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM El Hadj Taya a Yamai, wadda ke da tarin kayan kiɗan gargajiya. Abubuwan da ake buƙata ba masu tsada ba ne: takardar yarjejeniya mai sauƙi, da Hausa da Zabarmanci, da ke fayyace fim nawa aka yarda a sa sautin makaɗi a ciki; wajabta rubuta sunan kowane makaɗi a ƙarshen fim, don sai da suna ake bin haƙƙi; da sharaɗin cewa duk fim ɗin da ya samu tallafin gwamnati ya nuna abin da ya ware wa kiɗa. Idan kuma za a tara sautukan kayan kiɗanmu a rumbu guda don masu fim su riƙa saya, gara a yi shi nan, da sunan masu shi da kasonsu, kafin wani kamfani daga waje ya zo ya yi.

Lokaci ma ba ya jira. Malam Mamman Barka ya je gabar tafkin Chadi a farkon shekarun 2000 ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, a hannun tsohon da ake ganin shi ne gwani na ƙarshe. Ya kai shi dandamalin Turai, ya naɗi faifai da shi. Ya rasu a 2018, kuma yau masu iya kaɗa biram ba su da yawa.